Na sayi gem ɗin besbol ɗin nan ko na haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya, barka da ƙoƙari. Don Allah shawara nake nema, nasan wasu zasu ce wannan ma har matsala ce, amma ni dai ta tsaya min a rai. Tun wasan ƙarshe na besbol ɗin Amurka na 2024, wanda Dodgers suka doke Yankees, wasan nan ya shiga raina. Da bidiyon Ohtani, tauraron Dodgers, na fara a YouTube, yanzu har dokokin na ɗan fara ganewa. Toh yayana ya turo min katin dala 50 na Steam, kasuwar sayen gem ɗin kwamfuta a intanet, na shiga neman gem ɗin besbol sai naci karo da wani wai shi Out of the Park Baseball, kowa sai yabonsa yake, kuɗinsa kuma kusan daidai da abin da ke cikin katin. Yau kwana huɗu yana cikin kwando na kasa dannawa. Abokina yace kar na soma, wai lissafi ne zalla sai kace aikin ofis. Ni kuma abin da nake gani a YouTube mutum ne riƙe da hannun gem yana make ƙwallo tana fita fili, wannan nake so. Wani yace in dai shi nake so sai na sayi PS5, har na fara tunanin na karɓa bashi na dinga biya a hankali. Laftof ɗina na aiki ne, ba wani mai ƙarfi ba. Lokacin da nake samu bai wuce awa ɗaya da daddare ba. Sannan madam tace gem nawa na saya na ajiye ban gama ba, kuma gaskiyarta ne, sun haura goma. Na saya ko na haƙura?

Ƙaninka, mai son besbol

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin mu je ko'ina, je ka cire shi daga kwandon nan tukunna, sai ka dawo mu yi magana. Ba wai don gem ɗin bashi da kyau ba, wallahi yana cikin gem ɗin da nafi daɗewa a kansu a rayuwata, matsalar ita ce abin da ka gani a YouTube daban, abin da ke kwandonka daban, sunan besbol kawai ya haɗa su. Kai kanka ka bani amsar a cikin wasiƙarka da kace "wannan nake so", kuma wanda kake shirin biyan kuɗinsa ba shi bane.

Wanda kake kallo a bidiyo, mai hoto kamar talabijin, da 'yan kallo da ihu da mai sharhi, kusan tabbas MLB The Show ne. Sony ke da shi, wani reshensu da ke San Diego ke yinsa, tun 2006 yake fitowa duk shekara. Shekara da shekaru a PlayStation kaɗai ake samunsa, sai 2021 ya shigo Xbox, 2022 ya shigo Nintendo Switch, kuma a na 2022 ɗin ma hoton mutumin naka Ohtani ne a bango. Amma kwamfuta? Har zuwa na 2025 basu fitar da na kwamfuta ba, shi yasa ka bincika Steam kaf baka ganshi ba. In kuma kaci karo da wani shafi da yace maka danna nan ka sauke The Show a laftof kyauta, ka rufe shi kawai, abin da zaka sauke ba gem bane, kuma laftof ɗin aiki ne a hannunka, kar ka jawo ma kanka magana. Tsofaffin bidiyo da zaka ga suna cewa ana bugawa ta Game Pass, tsarin Xbox na biyan kuɗin wata a buga gem da yawa, suma ba ƙarya suka yi ba a lokacinsu, daga na 2021 zuwa na 2024 ana saka shi a can tun ranar fitowa, na 2025 ne basu saka ba.

Toh shi wanda ke kwandonka fa, menene shi?

Out of the Park, masu bugawa suna taƙaita shi da OOTP, gem ne na zama manaja. In ka taɓa ganin Football Manager toh ɗan'uwansa ne, sai dai na besbol. Baka riƙe kulki, baka jifa, baka gudu. Kai ne mai ofis. Kai zaka ɗauki 'yan wasa, ka sallami wasu, ka yi musaya da wata ƙungiya, ka tattauna kwantiragi, ka tura masu farautar yara su duba maka wane matashi ne zai yi kyau nan da shekara huɗu, ka saka farashin tikiti, mai ƙungiya kuma yana can yana turo maka saƙo cewa kuɗi sun yi yawa ka rage. Ranar wasa zaka iya zama ka kalla, akwai ɗan hoton fili da mutane suna motsi, ka bada umarni a saci tasha, wato ɗan wasanka ya ruga tasha ta gaba kafin a ankara, ko a canza mai jifa, amma dukan ƙwallon kwamfuta ce ke lissafawa ta gaya maka abin da ya faru. Abin mamaki ma wanda ya ƙirƙiro shi Bajamushe ne, Markus Heinsohn, a 1999 na farko ya fito, wato gem mafi zurfi a kan wasan Amurkawa daga Jamus ya taso. A 2020 wani kamfanin Koriya ta Kudu, Com2uS, ya saye su.

Abokinka da yace aikin ofis ne, rabin gaskiya ya faɗa. Allon farko da zaka gani lambobi ne jere reras, tebur a kan tebur, in baka saba ba kanka zai sara. Rabin da bai faɗa maka ba shine lambobin nan in suka kama mutum basa saki. Bari na baka nawa. Na taɓa ɗaukar wata ƙungiya mara ƙarfi, na samu wani yaro mai jifa da hagu, ɗan shekara 19, wanda kwamfuta ce ma ta ƙirƙiro shi babu shi a duniya, na rene shi tun daga ƙaramar ƙungiya mataki mataki har kaka huɗu, ranar da na hawo dashi babbar ƙungiya a wasansa na uku gwiwar hannunsa ta samu matsala, likita yace sai bayan wata goma sha. Wallahi tashi nayi daga kujera ina zagaya ɗaki kamar an min rasuwa, a kan mutumin da babu shi. Sai na zauna neman wanda zai maye gurbinsa, wannan ƙungiya ta ƙi, waccan tace sai na ƙara mata yaro ɗaya, na ce bari na gwada guda ɗaya na kwanta, ban ankara ba sai ganin haske nayi ta taga. Ranar da jan ido naje aiki. Laifin ba na kowa bane, nawa ne, amma ka gane irin gem ɗin da muke magana.

Kuma akwai abin da yake dashi wanda babu mai ja dashi a kai, wato tarihi. Zaka iya fara wasa daga kowace shekara tun 1871, da 'yan wasan lokacin na gaske. Kana iya ɗaukar Yankees ɗin 1927, shekarar da Babe Ruth ya fitar da ƙwallo waje sau 60, ko ka koma 1947 ka riƙe Dodgers lokacin suna Brooklyn, shekarar da Jackie Robinson ya karya shingen da ya hana baƙar fata shiga babbar gasar. Ga wanda ya tashi cikin wasan, wannan kaɗai ya isa kuɗinsa. Ga shi kuma baya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi sosai tunda yawancinsa rubutu ne, laftof irin naka zai iya ɗauka.

Amma kai fa kace dokoki ka "ɗan fara ganewa". Dokokin cikin fili kenan, kuskure uku an fitar da mai duka, jifa huɗu a waje ya taka zuwa tasha ta farko, zagaye tara. OOTP ba waɗannan yake tambayarka ba, dokokin ofis yake tambaya, kuma su wata duniya ce. Akwai jerin mutum 26 da ke bugawa, akwai wani jerin na mutum 40 da ƙungiya ta kare, in kana son cire mutum daga ciki sai ka fara baje shi ga sauran ƙungiyoyi ko akwai mai so, akwai iya adadin shekarun da zaka iya mayar da ɗan wasa ƙaramar ƙungiya ba tare da haka ba, bayan kaka uku a babbar gasa yana da damar zuwa gaban masu sasanci a kan albashi, bayan shida ya zama mai 'yancin kansa ya tafi inda yaga dama. Ni sai da na rasa yaro mai kyau a banza saboda na manta ban saka shi cikin 40 ɗin nan ba wata ƙungiya ta ɗauke, sannan na fahimci dokar. Ana iya barin kwamfuta ta riƙe maka duk wannan, eh, amma in ka bar mata komai toh me ka saya kenan, kallon lambobi suna canzawa?

Ga wata 'yar jarrabawa. In kana kallon wasa aka zo zagaye na bakwai, koci ya fito a hankali ya karɓi ƙwallo daga hannun mai jifa ya kira wani, me kake yi? In kana jan bidiyon gaba don ka kai inda aka make ƙwallo, toh kai ɗan fili ne. In kuma tsayawa kake kana masifa kai kaɗai, don me zai cire shi yanzu, ai na gaba da hagu yake duka, toh kai ɗan ofis ne ko baka sani ba. Daga yadda ka rubuto, ɗan fili ne kai, a yanzu dai. Mutum na canzawa, ni ma da duka na fara.

Yanzu maganar PS5 bashi. A'a ƙanina. Wannan kam ko kwana ba sai ka yi a kanta ba. Yi lissafin da kanka, na'urar da ta fito a 2020 dala 499 aka sa mata, gem ɗin sabo dala 70 ne, in kana son karawa da mutane a intanet yawancin gem sai ka biya kuɗin PlayStation Plus a kai, katinka na Steam kuma ko sisi baya aiki a can. Wato daga kyautar dala 50 ka tashi ka ɗora ma kanka bashin da ya ninka ta fiye da goma, a kan wasan da ko sau ɗaya baka taɓa riƙe hannunsa ba, sayen kifi a ruwa kenan. Da kana da na'urar a ɗaki tun farko da amsata ta canza, da nace sayi The Show na bara a araha ka more, don gem ne mai kyau da gaske, musamman ɓangaren Road to the Show inda zaka ƙirƙiri ɗan wasanka ka taso dashi daga ƙananan ƙungiyoyi, kai lokacinka kawai kake bugawa, wasa ya ƙare cikin 'yan mintoci. Amma a ci bashi saboda shi? Ban yarda ba.

Kuma bari na gaya maka abin da masu bidiyo basa nunawa. Mutumin da ka gani yana fitar da ƙwallo waje sau biyar a jere, ya yanke sau hamsin ɗin da ya kai ma iska duka. Dukan ƙwallo a besbol abu ne mai wuya a gaske, gem ɗin kuma wuyar ya kwaikwayo. Tsakanin mai jifa da mai duka ƙafa 60 ne da inci 6, mita 18 da ɗan ɗori, ƙwallon da aka jefo da gudun mil 95 a awa tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A cikin wannan ɗan ƙiftawar zaka gane madaidaiciya ce ko mai lanƙwasa, zata shigo ciki ko zata faɗi ƙasa, ka kai ɗan da'irar saitin da ke kan allo da babban yatsa inda zata biyo, sannan ka danna a kan lokaci. Satin farko komai aka jefo duka zaka kai, ƙwallo na dukan ƙasa kai kana can kana lilo da kulki, kwamfuta kuma in ta gane haka bazata ƙara jefo maka ta kirki ba. A gasar gaske ma wanda ya samu duka mai kyau sau 3 cikin 10 gwani ne, rabon da wani ya kai 4 cikin 10 a kaka guda tun Ted Williams a 1941. Toh wanda ya saba da gem ɗin ƙwallon ƙafa inda kullum ƙwallo na ƙafarsa, wannan yawan faɗuwar na iya sa ya ajiye hannun gem a sati biyu. In onlayin ne ma abin yafi haka, ɗan jinkirin intanet da bazaka ji shi a wani gem ba, a nan shi ne bambancin duka da kuskure.

Akwai kuma ɓangaren kati, Diamond Dynasty suke ce masa, ana tara katunan 'yan wasa a haɗa ƙungiya, da kuɗin cikin gem da ake kira Stubs wanda zaka iya samu ta bugawa ko ka saya da kuɗin gaske. OOTP ma yana da irinsa, Perfect Team. Masu bugawa da yawa na cewa ana iya haɗa ƙungiya mai kyau ba tare da kashe ko sisi ba in mutum na da lokaci, kai kuma lokacin ne baka dashi, kuma wanda bashi da lokaci shi aljihunsa ke biya. Na san wannan ramin don na faɗa shi, a wani gem daban na ƙwallo da bazan kama suna ba. Dala biyar yau, goma jibi, kowane ƙunshi ka buɗe da bugun zuciya sai kaga tarkace, da na zauna na haɗa lissafi a ƙarshen shekara sai da na ninka kuɗin gem ɗin kansa, sabo na fitowa kuma duk katunan suka zama tarihi aka koma farko. Kowa ya sayi rariya dai ya san zata zubar da ruwa, ni na sani na saya.

Toh me zaka yi da katin? Akwai na uku wanda babu wanda ya gaya maka, kuma ina ganin shi ne naka: Super Mega Baseball. Yana Steam, kai ke duka kai ke jifa kai ke gudu. Wani ƙaramin kamfani ne a Kanada, Metalhead, ya fara shi a 2014, EA suka saye su a 2021, na huɗu ya fito a 2023. Kar hoton ya ruɗe ka, 'yan wasan kamar zanen katun suke, ga ƙirji ga gemu ga sunaye na ban dariya, ƙungiya guda ma sunanta Sirloins, wato yankan naman sa, mutum zai ɗauka na yara ne. Amma besbol ɗin da ke ƙarƙashi na gaske ne, yadda ƙwallo ke tashi, yadda mai jifa ke gajiya, yadda ɗan wasa ke rikicewa in abubuwa sun cakuɗe masa, duk an yi su da hankali. Abin da yasa nake tura sababbi wurinsa shine ma'aunin wahalarsa da suke kira Ego, daga 0 zuwa 99. Ba sauƙi, matsakaici, wuya bane kawai, lamba ɗaya ɗaya zaka dinga ɗagawa, kuma kana iya raba shi, duka a ƙasa jifa a sama. Ka fara a 15 ko 20 kana make ƙwallo kana jin daɗi, in kaga kana cin kowa da tazara ka ƙara biyar, a haka idonka zai koyi bambance jifa ba tare da ka tsani wasan ba.

Aibinsa kuma bazan ɓoye maka ba: babu Dodgers, babu Yankees, babu Ohtani. Basu da lasisin ƙungiyoyin gasar. A na huɗun sun saka tsofaffin da suka yi ritaya irin su Babe Ruth da Hank Aaron da David Ortiz, amma taurarin da kake kallo yanzu basa ciki. Ana iya gyara ƙungiya a canza suna da riga da tambari, mutane na zama su ƙera nasu Dodgers ɗin, kai ma zaka iya ƙera wani mai lamba 17 irin ta Ohtani da ke jifa kuma yana duka ka kira shi abin da kake so, amma in abin da zuciyarka ke so shine ganin fuskarsa sak da filinsu na Los Angeles, wannan bazai baka ba, gara ka sani tun yanzu. Sannan ka nemi hannun gem, da kibod ana iya yi amma ba daɗi. Sannan laftof ɗinka, ka gangara ƙasan shafin gem ɗin ka karanta mafi ƙarancin abin da yake buƙata ka gwada da naka, in na huɗu ya masa nauyi kuma ka samu na uku, na 2020, karɓe shi, da tsohuwar zuma ake magani. In laftof ɗin na wurin aiki ne ba naka ba kuwa, tambayi izini kafin ka saka masa komai.

Abin da zai cece ka daga sayen gaibu shine dokar mayar da kuɗi ta Steam: in baka wuce kwana 14 da saye ba, kuma baka buga ya kai awa 2 ba, kana iya neman a dawo maka da kuɗinka, zasu koma cikin asusunka na Steam. Ga Super Mega Baseball awa biyun nan ta isa ka san ko laftof na ɗauka ba tare da sarƙewa ba, ka kuma san ko hannunka na son abin. Ga OOTP kuwa bata isa ba ko kusa, awa biyun farko a karatun allo da neman inda maɓalli yake zasu ƙare, baka ma fara kaka ba lokaci ya cika, shi yasa bance maka gwada shi ta wannan hanyar ba. Shi in kana son ɗanɗana shi, nemi bidiyon wanda ke bugawa na tsawon awa guda, ba tallan minti biyu ba, ka kalla har ƙarshe. In barci ya ɗauke ka toh ka samu amsa kyauta.

Sai maganar madam, wadda ita ce ma ainihin maganar in ka lura. Tace ka tara gem baka gama ba, kai ma ka amsa. Toh gem ɗin besbol ba a "gama" shi yadda ake gama mai labari, kuma tsawonsa na iya kashe ma mutum gwiwa. Kakar gasar Amurka wasa 162 ce ga kowace ƙungiya, ƙungiya 30. Wasa ɗaya mai zagaye tara, in ni ke bugawa ban tsallake komai ba, yana cin min kusan awar nan guda da kake da ita. Wato ko baka yi fashin dare ɗaya ba, kaka ɗaya zata kai ka wata biyar da ɗori, kuma ni da kai mun san zaka yi fashi. Nan ne mutane ke yar da gem ɗin a wasa na 23 su ce ya gundure su, alhali su suka ɗauko abin da yafi ƙarfinsu. Kar ka yi haka. Haɗa gajeriyar kaka, wasa 16 ko makamancin haka, ka rage zagaye zuwa biyar, kowane dare wasa ɗaya ko biyu, cikin sati biyu zuwa uku ka kai wasan ƙarshe, ko ka ɗau kofi ko a fitar da kai, amma dai ka kai ƙarshen wani abu, ka samu abin nuna mata.

Kuma ka yi wani abu yau da daddare kafin komai. Buɗe jerin gem ɗinka, Steam na rubuta awa nawa ka yi a kan kowanne. Dubi guda biyun da suka fi yawan awa, da waɗanda ko awa uku basu kai ba. Wannan lissafin yafi ni sanin ka, yafi abokinka, yafi masu yabo a shafi. In ka tarar waɗanda ka daɗe a kansu na tsari ne da gini da saye da sayarwa, irin wanda ake zama a yi tunani, toh na janye rabin maganata, ƙila OOTP zai kama ka fiye da yadda kake zato. In kuma na gudu ne da harbi da ƙwallo, ka riga ka gani da idonka. Sauran goman nan kuma ka tambayi kanka nawa ka saya don rangwame kawai ka gani, don yawanci daga nan tarin ke farawa.

Sauri kuma babu na yi. Da zarar ka loda katin, kuɗin na zaune a asusunka basa lalacewa. Gem ɗin da ke fita duk shekara irin OOTP da The Show wajen watan Maris suke fitowa, dab da fara kaka, lokacin ne suka fi tsada, in kaka ta yi nisa farashi ya sauko, in sabo ya kusa fitowa kuma wanda ka saya da cikakken kuɗi ya zama na bara. Steam na yin babban rangwame wajen ƙarshen Yuni da kuma ƙarshen Disamba. Saka Super Mega da OOTP a jerin abin da kake so, zasu turo maka saƙo ranar da aka rage. In ka yi haƙuri ba mamaki dala 50 ɗin nan ta ɗauko maka Super Mega yanzu, canjin kuma ya jira OOTP zuwa lokacin da ka fara yi ma koci masifa a zagaye na bakwai. Yayanka ma in ya tambaya me ka saya, ka samu amsar da bazaka ji kunya ba.

Ranar da ka sauke shi, saka agogo a waya na minti 90 don kar ka zarce awa biyun ba ka sani ba. Kar ka ɓata lokacin a gyaran riga da zaɓen gemu, shiga wasa kai tsaye, Ego a ƙasa. In akwai hannun gem na biyu miƙa ma madam, ana bugawa mutum biyu, kuma wanda ya fara koya tare da kai baya ƙirga maka awa. Sannan in kazo duka, jifan farko na kowane ɗan wasa kar ka taɓa komai, cire yatsanka daga maɓalli gaba ɗaya ka bi ƙwallon da ido tun daga hannun mai jifa har ta shiga safar mai cafewa, ka yi haka wasa biyu cur. In agogon ya buga ka rubuto min ko ka mayar ko ka riƙe, da lambar Ego ɗin da ka tsaya a kai.